Kwalin Kummatra Ranar Sallah

Ban san Faransa ta taɓa yin sarki ba sai shekarar da aka rushe mana unguwa. Kafin nan abin da na sani game da ƙasar bai wuce turare ba, sai kuma yaren nan da mutanen Nijar ke juyawa su yi idan ba sa so ka ji zancensu. Autata ce ta shigo min da sarkin gida a cikin jakar makarantarta.

Amma bari in fara da maigidana, don ba za a gane ba sai an san ko shi wane ne. Shi ne mai unguwar Hausawan gefenmu a Nakkasa, wata unguwa a Makka, can saman dutse. Ba umda ba ne, wato mai unguwar hukuma mai ofis da hatimi. Dattawa ne suka ɗora shi bayan rasuwar kawunsa, ya kuma riƙe abin tun gemunsa na baƙi har ya yi fari. Haihuwar Makka ne shi, kakansa ne ya zo da ƙafa ta Sudan. Ni kuwa daga Kano aka kawo ni ina budurwa, na shiga gidansa, kuma in ban da Harami da asibiti da gidan biki ba inda nake zuwa. Ban taɓa jin na rasa komai ba, domin duniyar ce take zuwa ƙofar gidana. Akwai mirkaz a ƙofar, dogayen kujerun katakon nan da maza ke hawa su zauna bayan la'asar, tagar kicin ɗina kuma tana daidai kansa. Fuskokin mazan unguwa ban san rabinsu ba, amma murya ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka mai ita. Na san wanda ke gyaran murya kafin ya yi ƙarya, na san wanda ke jero wallahi idan yana son a ba shi gaskiyar da ba tasa ba. A nan ake raba rigimar tankar ruwa, a nan ake neman yadda za a binne wanda ya mutu takardunsa ba su cika ba, a nan ake sasanta miji da mata. Ni nawa in dafa shayi in aika, in kasa kunne.

Da aka fara shafa jan fenti, alamar rusau, a bangayen ƙasan dutse, mutane suka cika mirkaz. Wani da maigida ya yarda da shi ya gaya masa cewa rusau ɗin a ƙasa zai tsaya, shi kuma ya ɗauka ya faɗa da bakinsa a gaban kowa: "Ba za a taɓa mu ba." Ina tsaye a taga na ji. Ya faɗa ranar, ya yi ta faɗa bayan nan. Duk wanda ya zo masa da maganar neman ɗaki a wani wuri sai ya ce kada ya tayar wa iyalinsa da hankali a banza. Mutane suka zauna. Jan fentin ya hawo. Da wa'adi ya zo, gajere ya zo, ga haya ta yi tsada ko'ina saboda na ƙasa sun riga mu kamawa. Wasu ko kayan ɗakinsu ba su gama kwashewa ba.

Mu muna da takardar gida, shi kuma ɗan ƙasa ne, don haka muka samu diyyar da muka kama wuri a wani bene, can nesa, inda maƙwabcinka bai san sunanka ba. Masu igama, wato takardar zama, da waɗanda ko ita ba su da, su suka watse. Wasu Hindawiyya, wasu Jarwal a ɗakunan alhazai kafin lokacin Hajji ya zo a tashe su, wasu suka koma gida. Na san wannan, ba kuma zan yi kamar ban sani ba. Amma na san bai ci ko ƙwayar dabino da maganar nan ba. Ya yarda da ita ne don yana so ta zama gaskiya.

Ba wanda ya zo ya ce masa an sauke shi. Taro suka yi a wani gidan hutu da suka kama, ba a gayyace shi ba, aka ɗora wani mai motocin haya, mutumin da maigida ne ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. A guruf ɗin waya labarin ya fito. Maigida idonsa ba ya ganin ƙaramin rubutu, wayarsa ta kira ce kawai, don haka ni na gaya masa. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Sarautar waya ce wannan. Ki bari Sallah ta zo."

Na gane nufinsa. Al'adar unguwarmu, idan aka sauko daga Idin ƙaramar Sallah ba mai shiga gidan kowa, ko na surukinsa ne, sai an fara da gidan mai unguwa. Maza su shigo a jere, kowa ya sumbaci kansa, a zauna a karya da burodi da cuku da zaitun da dibyaza. Dibyaza ita ce haɗin nan na mutanen Makka mai kauri da zaƙi, na busassun 'ya'yan itace da dabino da lauz mai kama da gyaɗa, wanda in babu shi ba a yi Sallah ba. Gidan da aka fara shiga shi ne gidan babba, ko me aka rubuta a waya. Daga ranar nan ba abin da maigida yake jira sai safiyar Sallah.

To, autar tawa zane take karanta a jami'a a Jidda. Hausarta rabi ce, in ta gaji ma sai ta sake ta ta koma Larabci. Wata rana da azahar, farkon azumi, ina tsinkar ganye ita kuma ta baza takardu a tebur tana rubutu. Na leƙa sai ga wani tsohon zane baƙi da fari. Wani dattijo ne mai ƙiba yana sauri zai faɗa kwalekwale, ƙafa ɗaya a ruwa, laima a hammata, ya rungume jaka, hular sarautarsa ta faɗi a laka a bayansa. Kan kuwa sama a tsuke, kumatu sun baje ƙasa, sak kummatra, ɗan itacen nan mai siririn wuya da faɗin gindi da ake jerawa kusa da tuffa a kasuwa. Har ɗan tsinken an yi masa a tsakar ka.

Na ce, "Wane bawan Allah ne aka yi wa haka?"

Ta ce, "Malik ne, ya Ummi. Sarkin Faransa, zamanin da. Mutanensa suka kore shi."

"Korar ba ta isa ba sai an bi shi da wannan?"

Ta ce a lokacin akwai jaridun da ba su da aiki sai irin wannan zane. A buga da yawa, a manna a gilashin shago, jama'a su taru suna dariya, mai hali ya saya ya kai gida. Ta nuna min wasu, har da wani sarkin nasu daban da aka yi wa jikin tsuntsu. Ta ce shi mai kan kummatra tun yana kan mulki aka fara zana shi haka, har aka kai masu zanen gaban alƙali, aka rufe wasu. Da ya faɗi kuma sai kowa ya zama mai zane.

Na ce, "Waɗanda suka zana shi yana da sojoji, na ji, maza ne. Waɗanda suka jira ya faɗi fa?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce su ma an sayi nasu.

Wallahi ban ga wata kama ba ranar. Mutumin da ka tsufa kana kallo ba ka ganin siffar kansa. Na koma kan ganyena.

Ana son zanen a babbar takarda don ta nuna a aji, sai ta kai shagon buga takardu a Hindawiyya, na wani Badamagare tsohon maƙwabcinmu. Da gangan ta je can, wai a taimaki na gida. Shi ya yi makarantar Faransanci a ƙasarsu. Ta ce ya karanta rubutun da ke ƙasa, ya daɗe yana kallon zanen, ya yi dariya, ya buga mata, har ya ce ta gai da Baba.

Azumi ya yi nisa, ina jajjage, sai wata murya ta faɗo guruf ɗin mata. Ga alama wani wuri mai ita ta yi niyyar aikawa. Tana magana dariya na cin ta: "Ke, kin ji wai Kummatra ya aiko da kwatancen sabon gida? Wai Sallah za a je masa." Nan da nan aka goge, amma na riga na ji. Na kuma san mai muryar, ni na yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari.

Na kira auta na ce wane ne Kummatra. Ta ce ba ta sani ba. Ta tambayi wata ƙawarta 'yar unguwa, can sai na ga ta zauna a ƙasan kicin ta dafe kai. Na karɓi wayar. Zanen nan ne nata, ba a sauya komai ba sai abu kaɗan. An ɗora masa farar hula ƙarama, an rubuta Nakkasa a jikin jakar da ya rungume, a ƙasa kuma inda Faransancin yake an goge an rubuta da Hausa: Ba za a taɓa mu ba.

A lokacin na ga kamar. Kumatun da tsufa ya sauko masa da su, 'yar hular da ke zama a ƙoƙon kansa, laimar da ba ya fita rana sai da ita tun da likita ya hana shi zafi. Na tsaya ina kallon mijina a hannun wani mai zane da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu.

Ban taɓa kiran namijin da ba muharramina ba a waya ba sai ranar. Na sa auta ta buga min lambar mai shagon.

"Hajiya, barka da shan ruwa, ya ibada?"

Na ce, "Ruwa ba a sha ba tukuna, kai ma ka sani. Kai ka yi wannan aikin?"

Ya gyara murya. Na ce kada ya wahalar da kansa, na san abin da ke biyo bayan gyaran muryarsa tun yana gwauro.

Ya ce, "Wasa ne, Hajiya. Abokai kawai na tura wa."

"Da azumi a bakinka."

Sai muryarsa ta sauya. Ya ce, "Hajiya, keken ɗinkin matata a ƙarƙashin ƙasa yake. Na samu ɗaki tun da wuri, na je na gaya wa Baba, ya ce in zauna. Yanzu iyalina suna Damagaram, ni ina kwana a bayan injin buga takarda. Ku kuna bene."

Na ce, "Na ji, an cuce ka. Me ya hana ka zo ka faɗa masa a fuskarsa? Lokacin da yake kan mirkaz me ya hana ka zana shi?"

Ya ce, "Lokacin ai ina buƙatarsa, Hajiya."

Na kashe wayar. A duk abin da aka yi mana, shi kaɗai ne ya gaya min gaskiya, ban kuma yafe masa don haka ba.

Muka yi shawara ni da auta cewa Baba ba zai gani ba. Ba wuya, tun da ba ya duba waya, ba kuma mai zuwa wurinsa. Ita ta daina cin abinci sosai, tana cewa ita ta jawo. Na ce mata takarda ta kai a buga, ba ita ta ɗora hula ba.

Shi kuwa maigida shiri yake. Ya je kasuwa da kansa ya jido kayan dibyaza kamar muna saman dutse, ya ce in fito da babbar tukunya. Na ce, "Malam, wannan tukunyar ko kan murhun nan ba za ta zauna ba. Mu yi daidai mu." Ya ce, "Kin taɓa ganin baƙon Sallah ya tashi a gidana bai ƙoshi ba?" Ya sa aka kwashe kujerun falo aka shimfiɗa darduma bango zuwa bango. Ya kira wannan, ya kira wancan, yana kwatanta hanya, ku wuce gidan mai, ku karya dama. Ina jin yadda suke amsa masa, da ladabi ƙwarai, ladabin da ya wuce na da. Ina juya dibyaza ina roƙon Allah kada kowa ya zo. Sai in kalle shi yana gwada sabuwar riga in ce a'a, ya Rabbi, su zo. Har aka ga wata ban san wacce nake so a karɓa ba.

Suka zo. Bayan Idi kaɗan na ji motoci suna tsayawa a ƙasa, sannan takalma a matakala, da yawa, har da waɗanda ko a da ba sa zuwa. Mai motocin haya ne a gaba, motocinsa ne ma suka kwaso su. Maigida ya leƙo kicin fuskarsa kamar ta ango ya ce, "Me na gaya miki?" Ya koma da sauri.

Tsakanin kicin da falo labule ne da ɗan lungu. Na tsaya a nan. Na ji ana gaisuwa, Allah ya maimaita mana, na ji ana sumbatar kansa ɗaya bayan ɗaya. Sumbar kai tana da sauti, ɗan ƙaramin sauti, na kuwa saba jin sa. Ranar akwai abin da ke biyo bayansa. Mutum zai sumbata ya wuce, sai na bayansa ya fitar da iska ta hanci. Wani ya ce a hankali, "Yi a hankali da tsinken." Wani ya yi tarin da ba tari ba. Mai shagon bai zo ba, ban ji muryarsa ba.

A da samarin unguwa ne ke ɗaukar tire. Yanzu ba samari, shi da kansa yake zuwa bakin labule ya karɓa. Ya kai burodi, ya kai cuku, ya kai dibyaza. Na ji cokula, na ji ana yabawa, yabon dibyazar kam na gaskiya ne. Can sai ya dawo yana nishi da kwali a hannu ya dire a gabana.

"Baƙi ne suka kawo. Wanke ki yanko."

Na buɗe. Kummatra ce cike da kwali, manya, kowacce a naɗe a 'yar takardarta. Auta ta juya ta fuskanci bango.

A gidanmu, da ma duk unguwar, abin da baƙo ya kawo na ci ba a shigar da shi ɗaki. A take ake fito da shi a ci tare da wanda ya kawo, mai gida kuma shi ke fara sa hannu. Wanda ya ajiye kayan baƙo ya ci shi kaɗai, har jikokinsa sai an yi wa gori. Sun san wannan. Ai a mirkaz ɗinsa suka koya.

Na ce, "Malam, ba su nuna ba. A bar su su kwana biyu."

Ya ɗauki ɗaya ya matsa da yatsa. "Lafiyarsu ƙalau."

"Ga abinci nan ya yi yawa. Wa zai ci kayan itace a kan dibyaza?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Yaushe aka fara ɓoye kayan baƙo a gidana? So kike a ce da muka hau bene mun koyi rowa?"

Na so in gaya masa a lokacin. Bakina ya buɗe. Amma falon cike yake da maza, labule ne kawai tsakani, fuskarsa kuma ban ga ta yi haske irin haka ba tun kafin jan fenti. Na ce to.

Na fere su tas, na yanka ƙanana ƙanana kamar zan ba mara haƙori, yadda ba mai cewa ga siffar da suke da ita. Auta na taya ni. Na cika faranti na miƙa masa. Ya duba ya ce, "Wannan kuma wane irin yanka ne? Ba kyan gani." Ya sunkuya cikin kwalin ya zaɓo manya guda uku, ya goge a rigarsa, ya dasa su a tsakiyar farantin, tsinkensu a sama. Ya ɗaga labule ya wuce.

Na ji ya ce, "Bismillah, Allah ya saka da alheri, kun sha wahala." Mai motocin haya ya ce, "Sai ka fara, Baba. Ɗauki babbar." Na ji haƙoransa sun shiga. Sai na ji ƙarar ɗaukar hoto, ƙyas, daga wayar wani da ya manta bai kashe sauti ba, sannan wata, sannan dariyar ta ƙwace wa wani daga can ƙurya, ta bi layi. Ba babbar dariya ba ce. Irin wadda ake dannewa ce tana fita ta gefe. Maigida ma ya ɗan taya su, don bai san abin da ake yi wa ba, ya ce, "Me ya faru? Na ɓata gemu ne?"

Tsohon ladaninmu yana cikinsu. Sa'an maigida ne, gwiwoyinsa sun lalace, ba ya riƙe waya, ga alama sai a mota ya ji abin da ake ciki. Na ji sandarsa ta bugi ƙasa. Ya ce, "Ku miƙo min takalmina." Aka ce Malam ai ba a yi addu'a ba. Ya ce, "Ku yi abarku. Ni ban san da bakin da zan yi ta ba." Ya fita yana jan ƙafa.

Bayan nan zaman bai daɗe ba. Aka shafa fatiha a gurguje, takalma suka sauka. Ta taga na ga motocin sun juya sun nufi gidan mai su.

Maigida ya shigo kicin, abin da ba ya yi. Ragowar kummatrar na hannunsa. Ya ce, "Ke kina jin abin da ba a faɗa ba ma. Me aka yi a falona?"

Na ce ba komai, samari ne da shiririta.

Ya ce, "Ba yaro a cikinsu. Kuma ba ki taɓa ce min abu bai nuna ba alhali ya nuna."

Auta ce ta ciro wayarta. Ta durƙusa a gabansa tana ta magana da Larabci, tana ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da taga, ya ce ta ƙara masa girma. Ya daɗe. Ya kalli abin da ke hannunsa, ya ajiye a bakin tukunya.

Ya ce, "Wanda ya zana ya iya zane." Sannan ya ce, "Wane ne asalin mai hoton?"

"Sarki ne, ya Abuya, a Faransa."

"Wa ya kore shi?"

"Mutanensa."

"Da wane laifi?"

Ta ce abin da yawa, amma an ce sun yi ta kuka bai ji ba.

"Ina ya nufa a kwalekwalen?"

Ta ce ya ƙetare ruwa zuwa ƙasar maƙwabta, a can ya zauna har ya mutu.

Ya ce, "Shi yana da ruwan da zai ƙetare."

Ya sa yatsa a kan rubutun Hausar yana bi a hankali, don bokonsa ba ƙarfi. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Wannan kam na faɗa." Ya miƙa mata wayar, ya dafa kanta, ya shiga ɗaki ya cire sabuwar rigar.

Hoton da suka ɗauka ya zaga kafin azahar, an jera shi gefe da gefe da na sarkin. Ban duba ba, a muryoyin matan da suka kira yi min barka da Sallah na ji shi. Na fita daga guruf ɗin ranar.

Nakan tuna sarkin nan wani lokaci idan ina wanke-wanke. Ban san ko mutumin kirki ne ba, wataƙila ya cancanci korar. Abin da nake so in sani, a cikin masu tsayawa gaban gilashin shago suna dariya, nawa ne suka taɓa cin abincinsa. Na tambayi auta ko yana da mata. Ta ce yana da ita, tare ma suka gudu. Ita ba a nuna min zanenta ba.

Maigida bai yi rigima da kowa ba, bai kira kowa ba. Masallacin ƙasan bene yake zuwa, inda ba wanda ya san ya taɓa zama wani abu, ya dawo ya zauna. Babbar Sallah a Makka ta aiki ce, kowa na wurin alhazai, don haka ba a lura da rashin baƙi ba. Da azumi ya zagayo na tambaye shi maganar dibyaza, ya ce in yi kaɗan saboda yarinya. Ranar Idi ya dawo ya murza makulli da kansa, ya ce ko wa ya zo ba ma nan.

Ba motoci wannan karon. Hantsi ya ɗaga muna zaune, sai na ji taksi ta tsaya a ƙasa, na ji sanda a matakala. Tako ɗaya, a huta, tako ɗaya, a huta. Na ce, "Malam, ladan ne. Shi kaɗai ne." Bai ɗago ba. Na ce, "Shi fa tashi ya yi ranar. Da gwiwoyin nan ya hawo."

Ya ce, "Na sani. Shi ma ya ga abin da aka yi min."

Aka ƙwanƙwasa. Aka yi sallama da muryar da ta tashe mu asuba tun 'ya'yana suna goye. Na miƙe, maigida ya riƙe gefen zanena, ba da ƙarfi ba, ya dai riƙe. Na amsa sallamar a zuciyata. Tsohon ya sake yi, ya tsaya yana numfashi a bayan ƙofa, kusa ƙwarai, har ina jin ƙirjinsa na ƙara. Sannan sandar ta juya. Saukar ta fi hawan daɗewa, muna zaune muna ji har ya kai ƙasa.